Sabon salon koyarwa a makarantar gwamnati: ta yaya uwa za ta san ɗanta yana ganewa?

Maman Yara, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Malamai da iyayen da suka san harkar makarantar gwamnati a nan Kumasi, don Allah ku warware mini. Yarona yana aji huɗu na firamare. Littafinsa babu dogon rubutun da ake kwafa daga allo kamar yadda aka saba a da. Ya ce ticha tana zaunar da su rukuni-rukuni su yi ta muhawara, kuma kusan kowane mako sai an aiko shi neman murafan kwalba ko kwali ko tsinken tsintsiya. Katin sakamakon da ya kawo haruffa ne a ciki, ba a rubuta na nawa ya zo a aji ba. An ce mini wai sabon tsari ne, yaro ke yin aikin, malami yana yi masa jagora. To karatu ne wannan ko wasa? Ta yaya zan gane yana ci gaba? Sannan ta wace hanya ya kamata makaranta ta riƙa sanar da mu, mu da muke kasuwar Kejetia tun sassafe har magariba, saƙon WhatsApp ɗin ma da Turanci yake zuwa?

Malamar Firamare, Asawase

Wa alaikumus salam, Hajiya. Karatu ne, in an yi shi yadda aka tsara, kuma akwai hanyar da za ki bi ki gane.

Tsarin ya fara aiki a Ghana a watan Satumba na 2019, daga KG (ajin share fage) har aji shida. Hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NaCCA, ce ta rubuta manhajar, hukumar kula da makarantu, GES, ke aiwatar da ita. Tsohuwar manhaja tana jero wa malami abin da zai koyar, in ya kai ƙarshen jerin ya sauke nauyi. Sabuwar tana jero abin da yaro zai iya yi da kansa. Shi ya sa kowane darasi yake da lamba, irin B4.1.3.1.2. B4 aji huɗu ke nan, sauran lambobin suna gangarowa daga babban fanni zuwa reshensa, har su tsaya a kan ƙaramin abu guda da ake so yaro ya iya. Malamin da ya san aikinsa, in kika ce masa "me ya kamata yarona ya iya a wannan makon?", zai amsa miki nan take ba tare da kame-kame ba.

Darasin awa ɗaya kashi uku ne. Kamar minti goma na farko na ɗumama ƙwaƙwalwa ne, da waƙa ko lissafin baka ko tambaya kan darasin jiya. Arba'in na tsakiya nan aikin yake. A goman ƙarshe yara ke faɗin abin da suka gano, malami ya gyara musu.

Ga inda murafan kwalbar suke shiga. A ce darasin rabawa ne mai saura. A da sai a rubuta 23 ÷ 5 = 4 saura 3 a allo, a kwafa, a haddace matakan. Yanzu yara biyar za a zube wa murafai 23 a kan benci, a ce su raba daidai. Kowa ya ɗauki huɗu, uku suka rage a tsakiya, sai gardama ta kaure a kan wa za a ba. Malama ba za ta yi saurin raba gardamar ba. Za ta ce, murafai nawa za a ƙaro kafin kowa ya ƙara ɗaya? Su ce biyu. To me ya sa saura ba zai taɓa kai biyar ba? Yaron da ya amsa wannan da bakinsa ba zai rubuta "3 saura 8" a jarrabawa ba, domin ya ga cewa takwas ɗin za su sake zagayawa. Daga nan a zana murafan a littafi, a ƙarshe a yi lissafin da lambobi zalla. Daga hannu zuwa zane, daga zane zuwa lamba. In aka tsaya a hannu, maganarki ta tabbata, wasa aka yi.

Don haka littafin aikinsa za ki duba. Ki ga ko kowane aiki yana da kwanan wata. Lissafi da Turanci kusan kullum ake yin su, in mako guda ya wuce babu aiki ko ɗaya a littattafan nan biyu, akwai magana. Ki ga ko jan biro ya bi ta kai. Sannan ki duba ƙasan aikin da ya faɗi, ya sake yin sa daidai? Wannan gyaran shi ne ya fi komai nauyi a wurina, domin shi ke nuna malami ya dawo kan kuskuren yaro maimakon ya zarce abinsa.

Batun katin kuma, a yawancin makarantunmu makin zangon karatu kashi biyu ne: 50 daga aikin aji da ƙananan gwaje-gwaje da aikin rukuni, 50 daga jarrabawar ƙarshe. Ki duba biyun daban-daban. Yaron da yake da 42 a aikin aji amma 18 a jarrabawa, akwai alamar a rukuni yake fakewa. Haruffan kuma ki kula da su sosai. A ma'aunin da ya zo da manhajar firamare ta 2019, A daga 80 ne zuwa sama, P 75 zuwa 79, AP 70 zuwa 74, D 65 zuwa 69, B kuwa 64 zuwa ƙasa. Wato B shi ne matakin ƙasa, na mai farawa, ba na biyu ba ne kamar yadda iyaye da yawa suke ɗauka su yi murna. Wasu makarantu suna bin wani ma'aunin, saboda haka ki sa a karanta miki bayanin da ke ƙasa ko bayan katin. Na nawa ya zo ba ya gaya miki ko ya iya. Yaro na iya zuwa na uku a ajin da babu mai karanta shafi guda sumul.

Tsohon Hedimasta, Tafo

Malama ta faɗi yadda abin yake in ya tafi daidai, kuma gaskiya ta faɗa. Ni zan faɗi inda yake karyewa, don 'yata Maman Yara ta san abin da za ta sa wa ido.

Horon da aka ba malamai kafin a fara tsarin a 2019 na kwana biyar ne, littattafan karatu da suka dace da manhajar kuma sun daɗe kafin su iso ajujuwa. Malamin da ya shekara ashirin yana cika allo da rubutu, kwana biyar ba sa juya shi. Abin da aka tanada don cike giɓin shi ne zaman PLC, inda malaman makaranta ɗaya ke haɗuwa sau ɗaya a mako, a wurare da yawa ranar Laraba, su baje darasin da ya gagara su nemi mafita. Inda hedimasta ya riƙe zaman nan da gaske ana gani a aji. Inda sa hannu a takarda kawai ake yi, suna ne ya canza, koyarwar tana nan yadda take.

Sai cunkoso. A ce aji yana da yara 60, bencin mutum biyu uku ne a kai. Malamin da ya ce a ja bencina a yi da'ira zai ɓata minti goma a ƙara da ƙura. Abin da ke aiki shi ne 'yan layin gaba su juyo su fuskanci na bayansu, nan take an sami rukunin yara huɗu zuwa shida ba a ɗaga komai ba. Rukunin da ya wuce shida ba rukuni ba ne: mai kaifin kai zai karɓe biro, biyu su taya shi, sauran su shiga hirar ƙwallo. Maganinsa a ba kowane yaro lamba daga 1 zuwa 6, kuma malami kada ya faɗi lambar da za ta yi bayani sai an gama aikin. Tunda ba wanda ya san ko shi za a kira, dole wanda ya gane ya zauna ya fahimtar da wanda bai gane ba. 'Yata, ki riƙa tambayar yaron, "yau wa ya yi magana a madadin rukuninku?" In kullum suna ɗaya kike ji, kuma ba nasa ba, kin sami abin da za ki kai wa malamarsa.

A aji huɗu ɗin nan za ki sami mai karanta labari, za ki sami wanda bai gama haɗa baƙi da wasali ba, duk a ɗaki ɗaya. Shi ya sa ake gwada yara a ware su bisa matakin da suke, na ɗan lokaci a rana, a koyar da kowa daga inda ya tsaya. Shirin GALOP na inganta koyo da aka ƙaddamar a 2020 don makarantu kusan 10,000 ya ba wannan hanya ƙarfi. In aka ce ɗanki yana rukunin masu haɗa baƙi, kada ranki ya ɓaci, taimakonsa aka yi. Abin tambaya shi ne yaushe za a sake gwada shi. Rukunin da yaro ya shiga ya shekara bai motsa ba, an manta da shi ne.

Amma a gare mu 'yan Zongo, inda gizo yake saƙar shi ne harshe. Tsarin ƙasa ya ce daga KG zuwa aji uku a koyar da yaro da harshen gida, daga aji huɗu Turanci ya karɓi ragama. Harsuna 11 ne gwamnati ta daɗe da amincewa da su a makarantu, irin su Tuwi da Fante da Ewe da Ga da Dagbani da Gonja, kuma babu Hausa a ciki. A Kumasi Tuwin Asante ake koyarwa. Yaron Aboabo ko Sawaba da ya tashi da Hausa a gida, wataƙila ma da Mosanci ko Zabarmanci a bakin kakarsa, yana fama da harsuna biyu da ba nasa ba. Tsohon salo yana rufa masa asiri, tunda kwafa kawai yake yi. Sabon salo kuwa a kan magana aka gina shi, wanda ba ya iya furta abin da ke ransa sai ya yi shiru, a rubuta masa cewa ba ya shiga cikin aiki, alhali ya gane. Kuma aji huɗu, inda ɗanki yake, ita ce shekarar da ake tsallakawa. Malami mai lura yana barin rukuni su tattauna da Hausa ko Tuwi, sannan su kawo sakamakon da Turanci, ya rubuta musu kalmomi biyar ko shida na darasin a gefen allo su jingina da su. Wannan ba ya cin ko sidi ɗaya, kuma iyaye suna da damar su roƙa a yi.

In kin wuce aji kin ji hayaniya, kada ki ce malami ya gaza. GES ta hana duka a makarantu tun 2017, kuma ajin da ake aiki ba ya yin tsit. Ki leƙa ki ga ko malamin yana zagayawa tsakanin bencina yana sauraro, ko yana zaune a teburinsa.

Ɗan Kwamitin Makaranta, Sabon Zongo

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɓangaren sanarwa zan taɓa, don shi ne ya fi ci mini rai.

Shekarar karatu zango uku ce, katin sakamako sau uku ke nan. Uwar da ta jira kati kafin ta ji labarin ɗanta, wata uku sun riga sun wuce. Bayan kati akwai taron PTA na iyaye da malamai, akwai kwamitin SMC mai kula da tafiyar da makaranta, inda hedimasta da wakilan malamai da na iyaye da na sarki da asambiliman (wakilin unguwa a majalisar gunduma) suke zama. Akwai kuma taron SPAM, wanda iyayenmu da yawa ba su san da shi ba. A nan ake baje sakamakon makaranta gaba ɗaya a gaban jama'ar unguwa, a ce a lissafi ga inda muke, a karatu ga inda muke, a tsayar da abin da za a gyara. Gwajin ƙasa na NST, wanda aka fara a Disamban 2021 da 'yan aji huɗu, irin wurin da ya kamata a tambayi sakamakonsa ke nan. Haka kuɗin da gwamnati ke bayarwa bisa yawan yara tun 2005, sai an rubuta tsarin kashe shi, wato SPIP, da sa hannun SMC. Kuɗin kaɗan ne kuma yakan makara, amma iyaye na iya tambaya nawa aka ware wa kwali da alƙalamin maka da sauran kayan koyarwa.

Saƙon WhatsApp da Turanci, gyaransa a hannunmu yake. Kowane aji ya zaɓi uwa ɗaya ko uba ɗaya mai jin Turanci da Hausa da Tuwi. Malami ya turo abu uku ranar Juma'a: abin da aka koya a makon, abin da za a shiga, abin da yaro zai kawo. Wakilin ya maimaita da murya, Hausa daban Tuwi daban, kada ya wuce minti ɗaya. A kulle zauren WhatsApp ɗin yadda masu kula da shi kaɗai ke turawa, in ba haka ba gaisuwar Juma'a da tallan atamfa za su binne sanarwar. Kada a taɓa sa makin yaro ko sunan wanda ya faɗi a zaure, wannan tsakanin malami da iyayensa ne. Masu ƙaramar waya kuma, sanarwar taro ta bi ta masallacin unguwa, liman ya faɗa bayan sallah.

Lokacin taro ma yana korar mutane. Asabar kasuwa tana ci, yara suna makarantar allo, maƙwabtanmu Asante suna wurin jana'iza. Lahadi malamai da yawa suna coci, mu kuma ga aure ga suna. A ganina bayan sallar Juma'a ya fi, a yi awa ɗaya da rabi a tashi, a fara da maganar karatu kafin maganar kuɗi. Taron da aka buɗe da karo-karo, rabin mutane sun watse kafin a zo kan yara.

In akwai koke, a bi tsani: malamin aji, sannan hedimasta, sannan SMC, sannan jami'in SISO mai zagaya makarantun yankin, a ƙarshe ofishin ilimi. Na Aboabo da Asawase yana ƙarƙashin Asokore Mampong. Wanda ya tsallake malami ya tafi sama, can ma za a dawo da shi ƙasa, kuma ya ɓata tsakaninsa da mai riƙe masa ɗa.

Maman Yara, Aboabo

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malama da Yaya. B ne a katinsa a Turanci, yanzu na gane. Amma ni karatun bokona bai yi nisa ba. Me zan iya yi masa a gida? Kuma da yamma yana makarantar allo, ba na so ɗaya ta ci ɗaya.

Malamin JHS (ƙaramar sakandare), Akwatia Line

Hajiya, ba sai kin iya Turanci ba. Minti goma sha biyar bayan isha'i sun isa, in ana yi kullum.

Ki ce ya koya miki darasin yau da Hausa. Kada ki tambaye shi ko ya gane, zai ce e. Ki ce "nuna mini". Wanda ya gane zai juya abin zuwa Hausa ya kawo misali, wanda ya haddace zai maimaita Turancin ya tsaya cik. A lissafi kuwa kin fi shi, tunda aikinki ne kullum. Ki ce mai saye ya ɗauki abu uku na sidi 7, ya miƙo sidi 50, nawa ne canjinsa? In ya ce 29, ki ce ya faɗi hanyar da ya bi, sannan ya rubuta ta. In ya kuskure kada ki ba shi amsa, ki ba shi wake ko murafan nan ya ƙirga.

Karatun Turancin, tunda nan B ɗin yake, kunnenki zai yi aiki. Ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, duk inda ya cije ki lanƙwasa yatsa. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa, a nemo na aji uku ko na biyu, babu kunya a ciki. Shafin da ya iya, ya maimaita shi kwana uku a jere har ya riƙa zuba kamar magana, sannan ya gaya miki da Hausa abin da labarin ya ƙunsa. Akwai yaran da suke furta kalmomi tsaf ba su san abin da suka karanta ba, wannan tambayar ce ke tona su. In akwai yaya ko ɗan maƙwabta a JHS, ya zauna kusa don gyaran furuci, amma kada ya yi masa aikin gida. Aikin da wani ya yi yana rufe wa malama ido daga inda yaron yake da rauni.

Makarantar allo ba ta cin boko, abin da ke cin su duka biyun rashin barci ne da talabijin. Yaron da ya saba zama ya maimaita har ya riƙe yana da jari, kuma jadawalin ninkawa har yanzu hadda yake so, sabon tsari bai soke wannan ba. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na GES, wanda aka kafa a 1987, wannan manhajar suke bi tare da Larabci, kuma daga 2024 Larabci ya shiga jarrabawar BECE ta kammala JHS. A shekarar ce 'yan sabuwar manhajar JHS suka fara rubuta ta. Kashi 30 na makin daga aikin makaranta yake zuwa, 70 daga jarrabawar WAEC, kuma yaron da bai iya karanta tambaya ya fahimce ta da kansa ba zai sha wuya a kowane darasi, har da lissafi da kimiyya. Shi ya sa B ɗin nan a aji huɗu ake tare shi, ba a JHS ba.

Ki je wurin malamarsa a wannan makon, da safe kafin a shiga aji ko bayan an tashi, ba tsakiyar darasi ba. Ki tafi da littafin aikinsa da katin. Ki tambaye ta wane mataki yake a karatu, haruffa ne ko kalmomi ko jimla, wane littafi ya dace da shi a gida, kuma ko za ta bar shi ya fara bayani da Hausa a rukuni kafin ya juya zuwa Turanci. Ki ba ta lambar da za ta same ki, ki gaya mata saƙon murya kike so. Ku tsayar da rana bayan mako huɗu, ki dawo, ya karanta shafi ɗaya a gabanku ku biyu, ita ta ƙirga inda ya cije ta rubuta adadin da kwanan wata a bayan littafinsa.